Yadda ake gyara ƙananan gine-ginen roba na jirgin ƙasan wasa idan mahaɗarsu ta saki

Assalamu alaikum jama'a. Tun ranar da na nuna ɗan ɗakin siginar nan na roba, wato kwaikwayon ɗakin da ake ba jirgin ƙasa hanya daga cikinsa, da na gyara wa wani dattijo maƙwabcinmu a Sabon Garin Zariya tambaya ɗaya ake ta maimaita mun, wai Malam wane gam ka sa? Har wasu ɗalibai masu karatun zanen gine-gine a Samaru sun biyo ni gida da nasu a kwali. To na ga gara in zauna in rubuta shi daki-daki kowa ya samu, dan amsar ta wuce sunan gam.

Dattijon nan tsohon ma'aikacin reluwe ne, ɗansa ne ya aiko masa da sassan ginin daga Ingila, shi dattijon ya zauna ya harhaɗa da kansa, sai jikoki suka ture shi daga kan tebur, rufin ya fita, bango ɗaya ya buɗe baki, matakala ta karye biyu. Ya kawo mun shi a ledar burodi ya ce, ɗana duba mun abin nan, sau uku ina sa masa supa gulu yana saki. Ina juya shi na ga gam kan gam kan gam, ya taru ya yi tudu a kusurwa, tagogin kuwa sun yi fari kamar hazon Disamba. Na ce Baba ai gam ɗin ne ya yi yawa. Kuma kusan duk wanda ya kawo mun gyara matsalarsa ke nan, sabon gam ba ya kama tsohon gam, ba ya kama fenti, dole sai roba ta taɓa roba tsirara.

1. Tattara komai tukunna

Kar ka buɗe gam yau. Samu faranti ko murfin bokiti mai ɗan zurfi ka zuba duk abin da ya fita, har ɗan ɓarɓashin da kake ganin ba shi da amfani, ka duba ƙarƙashin tebur da gefen tabarma kafin a yi shara. Galibin kayan nan ma'aunin HO ne, wato 1:87, an rage girman na gaske sau 87, ko OO na Ingila 1:76, ƙofar da a zahiri ta kai mita 2 a HO ba ta wuce milimita 23 ba, to kaga ɗan guntun da ya kai ƙwayar shinkafa wataƙila shi ne rabin firam ɗin taga. Ɗauki hoton ginin da waya ta kowane ɓangare, ciki da waje, kafin ka raba komai. Gobe idan ka manta wane bango ne na hagu hoton zai tuna maka.

2. Gano wace irin roba ce

Nan ne mutane ke tsallakewa su yi asarar kuɗi. Yawancin waɗanda ake sayarwa a kwali ka harhaɗa da kanka, irin na Faller da Kibri da Vollmer na Jamus, ko Ratio da Wills da tsofaffin Airfix na Ingila, robarsu folistirin ce. Ita ce gam ɗin ruwa na masu wannan sana'a, wani gam mai tsinkewa kamar ruwa da ke haɗa roba da roba, ke narkarwa. Amma akwai waɗanda ke zuwa a haɗe da fentinsu kamar Skaledale na Hornby da Scenecraft na Bachmann, su rezin ne, za ka ji sun fi nauyi, bangon ya fi kauri, idan ya karye yakan ɓalle kamar tangaran. Akwai na kwali zalla irin Metcalfe, shi farin gam kawai yake so. Sannan akwai robar ABS da takan zo a wasu sassa kamar ginshiƙai da tsani.

Gwajin ba wuya. Ɗiga ɗan gam ɗin ruwa a cikin ginin, wurin da ido ba ya kaiwa, ka ƙirga goma ka taɓa da tsinken sakace. Idan wurin ya yi laushi ya yi danƙo, tsinken ya bar sawu, folistirin ce. Idan ya bushe kamar ba a sa komai ba to rezin ne ko wata robar, gam ɗin ruwa ba zai yi maka komai ba ko ka juye kwalbar duka, sai dai supa gulu ko gam mai tub biyu da ake cakuɗawa. ABS kuma takan ɗan yi laushi amma ba ta riƙe da kyau sai da gam ɗin da aka rubuta ABS a jikinsa.

3. Kayan aiki da abin da za su ci maka

Rabinsu suna gidanka: tsinken sakace, tsohon burushin goge baki, sabulun wanke-wanke, robar ɗaure kuɗi, abin maƙale shanya, kwalin ashana, tayil guda biyu masu santsi ko gilashi mai kauri. Wuƙar yankan kwali da salatif na takarda da ƙaramin burushin zane ana samu a shagunan kayan zane na Samaru tunda ɗalibai na saye kullum. Samfefa ka nemi mai laushi ta masu fentin mota, lamba 400 da 600 ko 800, ba irin ta kafinta mai tsakuwa ba, a kasuwar Sabon Gari akwai, falle ɗaya na kowace zai kai ka shekara. Matsefata mai siririn baki da sifirit ɗin goge na'ura wajen masu gyaran waya za ka samu.

Gam kala huɗu ne. Supa gulu shi ne mafi araha, ka sayi ƙananan tub ɗin nan kar ka sayi babba dan da zarar an buɗe a zafin garin nan ba ya daɗewa yake daskarewa. Farin gam na kafintoci irin Top Bond, ƙaramar roba ta isa. Gam mai tub biyu irin Araldite kuɗinsa tsaka-tsaki. Mai tsadar shi ne gam ɗin ruwa, kamar Tamiya Extra Thin mai koren murfi, kwalbar mil 40 da ɗan burushi a jikin murfin, ko Revell Contacta mai dogon bakin allura. Daga waje ake kawo su, farashin na bin dala, kuma sau da yawa kuɗin turowa daga Legas ko Abuja yakan kusa kamo kuɗin kwalbar. Shawarata ku haɗu mutum biyu ko uku ku yi oda lokaci ɗaya, kwalba ɗaya tana gyara gine-gine da yawa in dai kana rufe ta. Kar ka ɗora wa ɗan'uwa mai dawowa ta jirgin sama ya saka maka a jaka, abu ne mai kama wuta, za a iya ƙwacewa a filin jirgi.

Hattara: abubuwa uku kar su kusanci ginin nan. Gam ɗin masu gyaran takalmi irin Evo-Stik, yana ci gaba da cin robar a hankali, bayan watanni ka ga bango ya lotsa. Gam ɗin masu haɗa bututun ruwa, ƙarfinsa ya yi yawa ga siririn bango. Sai haɗin nan da ake narka farin soson kwalin talabijin a fetur ana toshe kwano da shi, ai shi kansa soson folistirin ne, abin da fetur ya yi masa shi zai yi wa gininka.

4. Duba tsohon gam, ka raba mahaɗar

Idan bango ya buɗe rabi, rabin yana riƙe, mutane kan so su cusa gam a inda ya buɗe su matse. Wani lokaci yana yi, idan mahaɗar tsaf take ba tudun tsohon gam. Amma in ka leƙa ka ga busasshen gam a ciki to ka daure ka raba ta gaba ɗaya. Yadda za ka raba ya danganta da abin da aka sa da farko.

Idan fari ne mai ɗan yauƙi yana ɓarewa kamar fata, farin gam ne, jiƙa wurin a ruwan ɗumi kamar minti 20 zai saki da kansa. Idan dunƙule ne mai kauri irin gam ɗin kyandir da ake narkawa da bindiga, ɗiga sifirit a gefensa ka ɗan jira, zai ɓanɓaro. Idan rawaya ne mai jan zare, na takalmi ne, sai haƙuri, ka riƙa murza shi da yatsa da tsinke yana naɗewa. Idan mai tauri ne kamar gilashi da farin hazo a kewaye, supa gulu ne, sa ginin a leda ka ɗaure ka jefa a firiza ya kwana, in wuta ba ta zauna ba ka roƙi mai sayar da ƙanƙara ya ajiye maka a tasa. Sanyi na sa supa gulu ya yi gautsi, da safe ka sa bakin reza a tsagar ka ɗan murɗa, za ka ji ƙas ya rabu. Haka na yi da ɗakin siginar Baba.

Hattara: robar ma tana yin gautsi da sanyin, musamman tsohuwa da ta sha rana. Ka riƙe bango da faɗin yatsu kusa da mahaɗar, kar ka ja ta wajen taga ko ƙarfen dafawa. Kuma kar ka sa ruwan goge jan farce dan narka supa gulu, zai narka shi ɗin amma zai haɗa da bangon.

Mai wuyar ita ce mahaɗar da aka yi da gam ɗin ruwa tun farko, dan ita babu gam a tsakani, robar ce ta narke ta zama ɗaya. In ta zauna daidai ka bar ta kawai. In a karkace take dole sai an raba, shafa sabon gam ɗin ruwa ta ciki a kan layin sau biyu ko uku ka jira ta yi laushi ka riƙa motsa ta a hankali, ko ka bi layin da bayan bakin wuƙa, ba kaifin ba, kana ja sau da yawa ba dannawa har ta yanke.

5. Kankara da wanki

Wallahi aikin gaba ɗaya nan yake, in ka yi wannan da kyau sauran wasa ne. Kowane gefe da zai haɗu da ɗan'uwansa sai ka kankare shi har ka ga asalin launin robar, ba tsohon gam ba fenti ba ƙyalli. Tsayar da bakin wuƙar a tsaye kan gefen ka riƙa jan ta a kwance kamar mai kankare ƙanzo a hankali, kar ka kwantar da ita kamar mai fere dan za ta nutse ta ci bangon. Za ka ga gam ɗin na fita gari-gari, idan garin ya koma launin robar ka tsaya.

Yawancin bangayen nan an yanke gefensu a jirkice dan idan biyu sun haɗu su ba da kusurwa ba tare da an ga kauri ba, wasu kuma suna da ɗan tudu ko rami da ke shiga juna. Wannan jirkicewar ita ce ba a so ka ɓata. Shi ya sa ban yarda mutum ya riƙe samfefa a hannu yana goga gefen ba, yatsa na da laushi, zai mulmule gefen ya zama kamar bayan cokali, idan ka zo haɗawa sai ka ga tsaga daga sama har ƙasa. Manna samfefar a kan tayil da salatif, ka ɗauki bangon ka goga shi a kai yana kwance daidai da jirkicewarsa, ja uku ko huɗu ka ɗaga ka duba. Ka tuna milimita 1 da ka cinye a HO daidai yake da kusan santimita 9 a ginin gaske, faɗin yatsu huɗu ke nan, ido zai gani.

Idan akwai ramukan da ƙafar wani sashe ke shiga, kamar inda matakala ke zama, ka sa bakin allura ka tono busasshen gam ɗin da ke ciki. Daga nan ka wanke duka da ruwa da ɗan sabulun wanke-wanke da burushin goge baki, saboda maiƙon hannu da ƙurar da ta shekara a lungu. Ɗauraye, ka jera a kan tsumma mai tsabta a inuwa su bushe sarai. Kar ka shanya a rana.

Hattara: in rezin ne ka jiƙa samfefar da ruwa kafin ka goga, ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu. In akwai takardun talla ko sunan tasha da aka manna a bango kar ka tsoma shi a ruwa, goge gefen kawai da ɗanyen tsumma.

6. Bangon da ya lanƙwashe

Wannan a garinmu ya zama ruwan dare, ginin da ya yi Maris da Afrilu a ɗaki mai kwano ba silin, ko aka manta shi a mota, za ka samu rufin ya yi doro. Kar ka ce gam zai janyo shi, ko ya kama yau zai sake buɗewa. Tafasa ruwa ka sauke ka surka kaɗan, ya zama ya fi ƙarfin hannu amma ba tafasasshe ba, ka tsoma bangon shi kaɗai kamar daƙiƙa 20 zuwa 30, ka ciro da cokali ka sa tsakanin tayil biyu ka ɗora littafi mai nauyi har ya huce. In bai miƙe ba ka maimaita. Cire tagogin kafin ka tsoma. Kar ka kusanta shi da kyandir ko risho ko garwashi, kafin ka ƙifta ido ya naɗe, kuma wanda ya naɗe ba ya dawowa.

7. Gwada haɗawa ba gam

Haɗa ginin duka da 'yan guntayen salatif na takarda, bango huɗu da ƙasa da rufi. Ɗaga shi ka kalli taga ko fitila ta cikinsa, duk inda haske ya ratso akwai sauran aiki, ka koma mataki na 5. Ɗora shi a kan tayil ka ga ko yana rawa. A nan ne kuma za ka tsara wanda zai fara, ni dai bango biyu nake fara haɗawa su ba da kusurwa ɗaya, sai ɗaya biyun, sai in haɗa su a kan ƙasan ginin, rufi ne ƙarshe dan hannu ya samu hanyar shiga ciki.

8. Sa gam

Buɗe taga da ƙofa tukunna. Warin gam ɗin ruwa na sa ciwon kai kuma yana kama wuta, kar a kunna maganin sauro ko risho ko sigari a ɗakin, yara su fita. Fanka kuma kar ta fuskanci teburin dan tana busar da shi kafin ya yi aiki.

Shi gam ɗin ruwa ba mannewa yake yi ba, walda yake yi. Yana narka fuskar robar ta ɓangare biyu su cakuɗe, shi kuma ya bi iska ya tafi, abin da ya rage roba ce zalla. Saboda haka ba a shafa shi a gefe sannan a haɗa kamar yadda muka saba da sauran gam, musamman da rani da kafin ka ɗauko ɗaya bangon ya riga ya bushe. Haɗa bangayen biyu a bushe a kan tayil, ka sa kwalin ashana ko sukwaya ta waje ko nesa kaɗan da layin dan kusurwar ta tsaya daidai, ka tsoma burushin ka share shi a bakin kwalba, sannan ka taɓa layin mahaɗar ta ciki. Taɓawa kawai. Za ka ga gam ɗin ya bi tsagar da kansa ya gudu sama da ƙasa kamar yadda kananzir ke bin lagwani. Taɓa wuri biyu ko uku ya isa bango ɗaya. Ƙirga goma, sannan ka ɗan matsa su, in ka ga wani siririn layin narkakkiyar roba ya ɗan kumburo a waje to ta kama, ka bar shi haka kar ka goge, gobe za ka kankare. Riƙe kamar minti ɗaya. Cikin wannan lokacin kana da damar gyara karkata, bayan nan ka cire hannu.

Hattara: kar yatsanka ya zauna a kan layin ta waje. Gam ɗin zai biyo ya shiga ƙarƙashin yatsan ya buga zanen yatsanka a bangon, kuma a bango mai zanen bulo wannan tabon ba ya gyaruwa da sauƙi. Robar ɗaure kuɗi da salatif ma haka suke jan sa, sai bayan minti biyu ko uku za ka ɗaura su, kuma kar robar ta matse har bango ya lotsa ciki. In ya ɗiga a fuskar ginin kar ka taɓa ko kaɗan, bar shi ya bushe da kansa, tabon da zai bari kaɗan ne, goge shi ne ke ɓata wuri.

In mai bakin allura ne da kai, shi ya ɗan fi kauri, za ka iya ja siririn layi a gefe ɗaya ka haɗa. Allurar na yawan toshewa, siririyar waya daga cikin tsohuwar wayar wuta na buɗe ta.

Rezin kuma, ko inda roba ta haɗu da ƙarfe ko katako, supa gulu za ka sa amma ba daga bakin tub ba. Ɗiga shi a kan murfin kwalba, ka ɗiba da tsinke ka sa ɗigo-ɗigo a gefe ɗaya. Kaɗan ya fi riƙewa. Da hunturu za ka ga yana jinkirin kamawa saboda danshi ne ke sa shi daskarewa kuma iskar ta bushe, ka ɗan huro masa hucin baki. In wurin zai ɗauki nauyi ko akwai ɗan giɓi, mai tub biyun ya fi, ka cakuɗa daidai wa daida. Kar ka goge supa gulu da auduga ko tsumman auduga, zafi yake yi har ya ƙona fata. In ya manne maka yatsu kar ka fizge, ruwan ɗumi da sabulu ko man gyaɗa kana murzawa. In ya shiga ido asibiti kai tsaye.

Bar ginin ya kwana kafin ka ci gaba. A sama zai yi kamar ya bushe cikin minti goma amma cikin mahaɗar da sauran laushi har kusan awa 24.

9. Tokara ta ciki

Mahaɗar da ta taɓa saki ba na barin ta haka. Yanko ɗan sanda daga firam ɗin robar da sassan ke zuwa a maƙale, ka kankare gefensa ya yi faɗi, ka kwantar a cikin kusurwar daga sama zuwa ƙasa ka taɓa masa gam ɗin ruwa. In an zubar da firam ɗin nemi murfin faifan CD ko farin cokalin roba na biki, ka duba alamar kusurwa uku mai lamba 6 ko harafin PS, ita ce folistirin. Gorar ruwa da robar bokiti ba sa kamawa, tsohon katin banki ma sai da supa gulu. A kankare fentin cikin kusurwar kafin a sa. Kuma ka mayar da rufin ka gwada kafin tokarar ta bushe, na sha ganin wadda ta yi tsawo ta hana rufi zama ko ta leƙo ta taga.

10. Bututun hayaƙi, matakala, indararo

Su waɗannan wurin haɗuwarsu ƙanƙane ne, gam kaɗai ba ya riƙe su daɗe. Bututun hayaƙi ko ginshiƙin rumfar dandamali, huda rami a tsakiyar kowane ɓangare da ɗan siririn abin huji kamar milimita 0.5 zuwa 0.8 kana juya shi da yatsu, ka yanko guntun waya ko ƙarfen maƙale takardu ka sa a tsakani da ɗigon supa gulu. Ka fara yin alama da bakin allura dan ramukan su fuskanci juna. Matakalar Baba da ta karye biyu ba ta da kaurin da za a huda, sai na kwantar da ita a kan tayil na haɗa karayar na taɓa gam ɗin ruwa, washegari na manna siririn yankin roba a bayan kowane gefe inda ba a gani. Indararo da ƙarfen dafawa da matsefata ake riƙe su, a taɓa gam a ƙafafunsu kawai.

11. Tagogi

Supa gulu ba ya zuwa kusa da taga, tururinsa ne ke yin farin hazon nan, har tagar da ba ka taɓa ba in ginin a rufe yake. Gam ɗin ruwa ma in ya hau gilashin robar ya ɓata shi. Farin gam za ka sa da tsinke a kusurwoyi huɗu, da fari yake amma in ya bushe ba a ganinsa, wanda ya fito ka goge da ɗanyen tsinke mai auduga. In hazon bai yi yawa ba gwada goge shi da ɗan man goge baki a tsumma mai laushi. Na Baba sun wuce nan, cire su na yi na yanko sababbi daga robar nan mai haske da ake rufe kwalin sabuwar riga da ita. Sai an gama duk aikin supa gulu da kwana ɗaya ake mayar da tagogi.

12. Cike tsaga da fenti

Kankare ɗan layin da ya kumburo da bakin wuƙa. In akwai tsagar da ta rage, yayyanka firam ɗin nan ƙanana ka zuba a kwalbar gam ɗin ruwa da ta kusa ƙarewa, ka rufe ya kwana, zai narke ya yi kaurin zuma. Da tsinke za ka cusa a tsagar, siriri-siriri, ka ba shi kwana biyu kafin samfefa. In ka lafta da yawa zai narka bangon ya lotsa. A rezin kuma cika tsagar da garin bekin soda, ba hodar yin kek ba, ka ɗiga supa gulu, nan take yake zama dutse kuma yana zafi, ka goge shi a ranar dan in ya kwana ya fi bangon tauri. In layin bulo ya shafe ka sake ja da bakin allura.

Fentin ruwa na masu zane za ka taɓa da ƙaramin burushi, ka gwada launin a ciki ya bushe ka gani tukunna. Fentin mota na feshi yana cin robar da ba a yi wa fentin shimfiɗa na farko ba. In launin ya ƙi zuwa daidai kar ka wahala, niƙa ɗan jan alli ko ka tankaɗe jar ƙasar nan tamu ka shafa da busasshen burushi a gindin bango da kusurwoyi, duk wanda ya san gine-ginen tashar Zariya ya san haka launinsu yake. Ko ka sa bututun indararo ya sauko ta kan layin ya rufe shi.

13. Mayar da shi wurinsa

Kar ka manne ginin da teburin layin dogo da gam mai ƙarfi, ɗigon farin gam biyu a ƙasa ya isa, ko ka kafa 'yan guntayen katako a teburin ginin ya zauna a kansu kamar hula, ranar da za ka tashi gida ko gyara sai ka ɗaga kawai. A nisanta shi da tagar da rana ke shigowa. Da hunturu a rufe da yadi mara nauyi, ƙura kuma da burushi mai laushi ake kaɗe ta, tsumma na kama indararo ya fizge. Rufin ɗakin siginar Baba da gangan ban manne shi ba, na sa masa 'yan tokara huɗu ta ciki yana zama daram, in taga ta faɗo ciki a ɗaga a gyara. Da ya zo karɓa na nuna masa haka, na ce Baba in za a ɗauka a sa hannu biyu ta gindi, kar a kama ta rufi ko ta matakala, kuma a faɗa wa jikokin.